Motar Sintiri da Motar Gudu a Idon Mutumin Bakin Ruwa

A tashar motar Yelwa, da garejin da ke bakin titin Kontagora zuwa Koko, akwai wata magana da ba ta tsufa a bakin matasan direbobi da yaran makanikai. Cewa suke yi motocin 'yan sandan Amurka, waɗanda ake gani a fim suna bin ɓarawo da jiniya, akwai wani inji na sirri a cikinsu da ba a sayar wa farar hula. Wai ko mutum ya sayi irin motar sak, daga kamfani ɗaya, tasa ba za ta taɓa kamo tasu ba. Maganar tana da daɗin ji, sai dai alƙaluman kamfanonin da suka ƙera motocin ba su goyi bayanta ba. A cikin manyan motocin salun da Amurkawa suka daɗe suna sintiri da su, wadda aka yi wa mai kuɗi mai son gudu ce sau da yawa ta fi ƙarfin inji, wani lokaci ma nesa ba kusa ba. Abin da ake ƙara wa motar ɗan sanda yana wuraren da ido ba ya kaiwa, kuma wata bukata ce dabam ta kawo shi. Wanda ya tashi a bakin ruwan Kainji zai riga kowa gane wannan bukata, don kullum yana ganin irinta a jikin jirage.

A dubi ranar Rigata a Yauri. Mai martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, yana zaune da baƙinsa, bakin kogi ya cika maƙil, kiɗa na tashi, Gungawa da sauran mutanen ruwa sun fito nuna gadon iyaye da kakanni. Jirgin da ake zaɓa don tsere siriri ne, marar nauyi, mai tsinin baki. Ba a barin komai a cikinsa sai matuƙa da filafilansu. Yana yanka ruwa har tsigar jikin mai kallo ta tashi, kuma cikin 'yan mintoci an gama, an san gwani. Washegari da asuba wani jirgin ne zai tashi daga wannan gaɓar, mai faɗin ciki, mai kaurin katako. An jera masa buhunan albasa da na shanshera, da kwandunan busasshen kifi, da babur ɗaya ko biyu, ga mata da goyo, ga dattawa da jakunkunansu. Zai tsaya a wannan gungu ya sauke, ya tsaya a waccan tunga ya ɗauka, ya goga ciki a kan yashi, ya jira fasinja a rana, ba zai koma masauki ba sai magariba. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Masassaƙi ɗaya yana iya yin su duka biyun, da katako iri ɗaya da ƙusa iri ɗaya. Abin da zai fara tambayar mai saye shi ne, "Alhaji, wane aiki zai yi maka?" Amsar ce za ta gaya masa faɗin da zai ba cikin jirgin, da kaurin katakon ƙasa, da yawan haƙarƙarin da zai gitta, da tsayin gefen da zai tare igiyar ruwa. Kuma ruwan da jirgin kasuwa ke shiga ba na wasa ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonaki, kogin ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Itatuwan da ruwa ya rufe sun bar kututture a ƙarƙashi, suna jiran cikin jirgi. Iskar farkon damina tana iya tada igiya cikin ƙiftawar ido. Farin ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya iso da hunturu daga can tsaunukan Gini, jirgin kasuwa kuwa ba shi da lokacin hutu a tsakani. Idan aka jera shi da na Rigata a ce su yi tsere, tun kafin a yi nisa an bar shi a baya, kuma babu mai hankalin da zai ce ya gaza.

To haka lamarin motocin nan yake. Babbar salun irin ta Amurka mota ce mai ƙofa huɗu da but, tsawonta mita biyar ko fiye, inji a gaba, tayoyin baya ne ke tura ta. Tsofaffin cikinsu ma bodi ne aka ɗora a kan shasi, irin ginin a-kori-kura. Misalin da ya fi fito da maganar fili shi ne Chevrolet Caprice ta tsakanin 1994 da 1996, wadda kamfanin General Motors ke haɗawa a garin Arlington na jihar Texas. Akwai nau'in da ake yi wa 'yan sanda, wanda a takardar oda ake kira 9C1. Babban injinsa mai silinda takwas ne, lita 5.7, dangin wanda ke cikin motar gudu ta Corvette, yana ba da ƙarfin doki 260. 'Yan sandan manyan hanyoyi sun so motar nan ƙwarai, har bayan an daina yin ta wasu rundunoni suka riƙa kai tsofaffin nasu ana sabunta musu, maimakon su koma wa wata.

A daidai waɗannan shekarun ne kamfanin ya fitar wa farar hula da Impala SS. Wani ma'aikacinsu, Jon Moss, shi ya jagoranci haɗa samfurinta da aka nuna a 1992. Da aka zo yin ta don kasuwa, kayan motar 'yan sanda aka kwaso: injin nan, da birki mai faifai a tayoyi huɗu, da salansa biyu, da babban tsarin sanyaya inji. Sannan aka sassauto da ita ƙasa kaɗan, aka sa mata faffaɗan tayoyi a kan wilin alminiyam mai inci 17, da kujerun fata. A shekarar farko baƙa kaɗai ake sayarwa. Wato daga jirgin kasuwa aka sassaƙo na tsere, ba a kan na tsere aka ɗora wa na kasuwa kaya ba. Ƙarfin doki 260 ne a nan, 260 a can. Ina sirrin yake?

Yana cikin ƙananan abubuwa. Ta 'yan sanda tana da wata ƙaramar lagireto ta daban da ke sanyaya baƙin mai, wadda ba a sa wa Impala ba. Tiyoyin ruwanta na wata irin roba ce mai jure zafi, da ba ta saurin tsagewa. Wilinta na ƙarfe ne mai inci 15, ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma in ya daki dutse ko bakin kwalta lanƙwasawa yake yi, a buge shi da guduma a ci gaba da tafiya. Na alminiyam kuwa tsagewa yake, kuma duk mai facin da ke hanyar Koko ya san bambancin. An bar ta da tsayinta daga ƙasa, domin ɗan sanda yana haura bakin titi, yana tsallaka tsakiyar hanya, yana faɗawa rami da gudu ba don yana so ba. A kan santsin kwalta mai lanƙwasa Impala ta fi ta kama ƙasa, saboda faɗin tayoyinta da kusancinta da titi. A sauka daga kwaltar nan da taku goma, sai labari ya juya.

Cikin motar ma haka yake. Mai Impala yana taka kafet, yana jingina da fata. A ta sintiri galibi roba ce a ƙasa, kujerar baya kuma ta leda mai kauri, domin a nan ake zaunar da wanda ya bugu, da wanda ya ji rauni, da wanda aka tsamo daga kwata, kuma dole a iya wanke wurin da ruwa kafin wani aikin ya taso. Babu mai shimfiɗa darduma a cikin jirgin da kullum ake kwarfe wa ruwa. A motocin Ford na 'yan sanda har farantin ƙarfe ake sakawa a bayan kujerun gaba, don kada wanda aka kama ya soko wuƙa ta baya. Ana kashe hannun ƙofofin baya ta ciki. Sandar giya kuma a jikin sitiyari take, don a bar tsakanin kujeru ga oba-oba da kwamfuta da makunnan jiniya.

Amma babban abin da ke kashe motar ɗan sanda, wanda fim ba ya nunawa, shi ne tsayuwa. Bin ɓarawo da gudu yana iya zama sau ɗaya a mako, ko a wata, kuma 'yan mintoci ne. Sauran lokacin motar tana tsaye a bakin hanya, ko a wurin da aka yi haɗari, ko a shingen bincike, inji na aiki, fitilu na ci, oba-oba a kunne, na'urar sanyaya ɗaki tana ja. Mota mai tafiya iska ce ke ratsa lagiretonta tana sanyaya ta kyauta. Mai tsayuwa kuwa fanka kaɗai ta dogara da ita, baƙin mai yana ta zagayawa yana gajiya alhali agogon tafiya bai motsa ba. Kamfanin Ford ya ɗauki abin da muhimmanci har ya sa wa motocinsa na 'yan sanda wani agogo mai ƙirga awoyin da inji ya yi yana aiki a tsaye, ya kuma ce a lissafin gyara a ɗauki kowace awa guda daidai da tafiyar mil 33, wato kimanin kilomita 53. A wannan ma'auni, motar da ta yi awa takwas a tsaye da inji a kunne ta ci wahalar da ta zarce ta tafiya daga Yauri zuwa Sakkwato, ba tare da tayarta ta juya ba. Wannan fa a ƙasar da ke da sanyi rabin shekara. Sai a auna da bazarar Yelwa, a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 kuma ƙarfen mota ba ya taɓuwa da tsakar rana.

Wutar da kayan nan ke sha ita ma nauyi ce. Shi ya sa daga 2004 na'urar da ke cajin batir a motar 'yan sanda ta Ford take ba da amfiya 200, wanda motar gida ba ta bukata, kuma aka yi ta yadda za ta iya ciyar da fitilu da rediyo ko da inji yana silo. Masu jirage sun san wannan hikimar ta wata fuska. Yawancin injunan da ke bayan jiragen kasuwa na Yamaha ne, kuma kamfanin yana da wani jeri da yake kira Enduro, wanda ya yi musamman don mutanen da ke neman abinci a kan ruwa. Ba shi da ƙawa, ba shi da tarkacen lantarki mai yawa, amma yana wuni yana aiki, yana jure ruwa mai laka, kuma in ya samu matsala bakanike zai kwance shi a gaɓa a kan buhu ya mayar. Mai jirgin da ya san ciwon kansa ba ya tambayar iyakar gudun inji kafin ya tambayi ko akwai kayan gyaransa a Yelwa.

Motar da ta fi kowace daɗewa a hannun 'yan sandan Amurka ita ce Ford Crown Victoria, wadda ake haɗawa a St. Thomas da ke Kanada. A 2004 nau'in 'yan sanda yana da ƙarfin doki 250 daga inji mai lita 4.6. A wannan shekarar kuma kamfanin yana sayar wa farar hula da 'yar'uwarta ta gudu, Mercury Marauder, mai ƙarfin doki 302 a kan shasi iri ɗaya. Marauder ta fi ƙarfi, ta fi kyau, amma shekara biyu kacal ta yi a kasuwa, 2003 da 2004, abin da aka sayar kuma bai wuce dubu goma sha ɗaya da 'yan kai ba. Ita kuwa ta aiki ta ci gaba har ranar 15 ga Satumba, 2011, kuma da yawa daga waɗanda 'yan sanda suka yi gwanjonsu sun sake wata rayuwar a hannun direbobin tasi. Ta ƙarshe da aka ƙera Saudiyya aka kai ta. Alhazanmu da suka sauke farali a shekarun baya sun ga irin waɗannan dogayen motoci, Ford da Caprice, a titunan Jidda da Makka da Madina. Ƙasar zafi ce ta riƙe su bayan kasuwar gida ta juya musu baya, kuma wannan kaɗai shaida ce a kan yadda aka gina su.

A kan Dodge Charger ne tazarar ta fi faɗi. Ta 'yan sanda mai babban inji tana da ƙarfin doki 370. Wadda aka fitar wa farar hula a 2015 da sunan Hellcat tana da 707, kusan ninki biyu. Rundunoni da yawa ma ƙaramin inji mai silinda shida suke saye, don ya fi sauƙin shan fetur. Ɗan sanda ba shi kaɗai yake aiki ba: yana da oba-oba, yana da abokan aiki a gaba da za su tare hanya. Abin da yake so daga motarsa shi ne birkin da ba zai yi sanyi ba bayan an taka shi da ƙarfi sau goma a jere, da akwatin giyar da ba zai ƙone ba.

Kuma ba da baki ake tabbatar da haka ba. Kowace shekara 'yan sandan jihar Michigan suna tara motocin da kamfanoni ke son sayar wa hukuma, su gwada tashinsu da iyakar gudunsu da birkinsu da yadda suke shan kwana, su buga sakamakon kowa ya gani. A gundumar Los Angeles ma ana yin irin wannan gwajin, har da auna zafin inji da na mai bayan an wahalar da mota. Ƙaramar runduna a wani ƙauye mai nisa tana iya ɗaukar takardar nan ta karanta kafin ta kashe kuɗin jama'a.

Ba na raina motar gudu. Wanda ya tara kuɗinsa ta halal ya sayi abin da ke faranta masa rai, in dai bai jefa ran kowa cikin haɗari ba, bai yi laifi ba. Rigata ma ba ɓarna ba ce. A can ne yaro ke ganin abin da hannun kakansa ya iya, a can ne ake ajiye ƙwarewar tuƙi da ninƙaya da za a bukata ranar da iska ta taso. Masu ƙera motoci su ma suna koyon abubuwa a filin tsere da suke kawowa cikin motar kowa da kowa. Abin da nake ƙi shi ne a auna kayan aiki da ma'aunin kayan biki, musamman in kuɗin jama'a ne za a kashe.

Mu ma mun taɓa samun tamu babbar salun, ko da yake ba ta kai na Amurka girma ba. Peugeot 504, Fijon da kowa ya sani, ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Daga 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta soma haɗa motocin Peugeot, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransawa sun daina yin salun ɗinta a gida. A zamanin mulkin Murtala da Obasanjo, da aka ɗauki manufar rage facaka a gwamnati, ita ce ta zama motar hukuma daga sama har ƙasa. Lokacin Yauri tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991. Babban sakatare a cikinta yake, alƙali a cikinta, 'yan sandan sintiri a cikinta, direban haya da ke jigila tsakanin Yelwa da Sakkwato ko Kontagora shi ma a cikinta, sau da yawa doguwar mai layin kujeru uku.

Ta 'yan sanda da ta ɗan kasuwa daga wuri ɗaya suke fitowa, kuma abin da ya fi raba su shi ne fenti da jiniya da oba-oba. Hakan bai zama matsala ba, domin ita kanta motar kowa da kowa ɗin jirgin kasuwa ce. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, injinta mai silinda huɗu ba shi da wani ɓoyayyen abu, tayoyin baya ke tura ta, kayan gyaranta kuwa har a ƙaramar kasuwa ana samu. Duk bakaniken da ke da sifana da sukundireba ya san cikinta. Har nau'inta na tsere bai yi nisa da wannan hali ba. A 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake lashewa da mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. Safari tsere ne na dubban kilomitoci a kan jar ƙasa da taɓo da duwatsu, inda motoci da yawa masu gudu ke mutuwa a hanya. A Afirka ta wancan lokacin, wanda ya jure shi ne ya ci.

Yau ba haka abin yake ba. Salun ɗin da ke cika titunanmu yawancinsu na hannu ne, an yi su don hanyoyin Turai da Amurka da Japan, gajeru a ƙasa, tayoyin gaba ke jan su, cike da na'urorin da sai an jona kwamfuta a san ciwonsu. 'Yan sanda kuwa sun koma Toyota Hilux da makamantanta, kuma ba su yi kuskure ba. Titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega shi ne babbar jijiyar yankin, amma rayuwar Shanga da Ngaski tana ƙauyukan da ke nesa da shi, inda hanya jar ƙasa ce da rani, taɓo da damina, ga rafuka da ba su da gada. Babu salun ɗin da za ta yi wannan aiki, ko ta Amurka ce. Su Amurkawan ma sun bar ta: mafi yawan rundunoninsu yanzu jif suke saye, irin wadda Ford ya gina a kan Explorer, kuma an daina yin tsohuwar Charger a ƙarshen 2023.

Sai dai sun tafi da darasin cikin sabuwar motar, mu kuwa ba mu ɗauke shi ba tukuna. Jif ɗinsu ta sintiri tana da nata birki, da nata tsarin sanyaya inji, da nata lantarki, kuma sai ta ci gwaji. A nan abin da aka saba shi ne a sayo mota kamar yadda ɗan kasuwa zai saya, a fesa mata fenti, a rubuta sunan wanda ya bayar, a ɗaura jiniya, a kafa benci a baya, a jera su a fili a yi bikin miƙa makullai. Daga nan sai a loda mata mutum takwas ko goma da bindigogi, ta kwana a shinge da inji a kunne, ta wuni a gargada, kuma a riƙa canza mata mai bisa agogon tafiyar da bai san awoyin tsayuwa ba, in ma an samu kuɗin canzawar. Hilux mota ce mai ƙwari, babu musu, amma ƙwari ma yana da iyaka. Shi ya sa a faɗin ƙasar nan ake ganin motocin da ba su tsufa ba an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Ɗan sandan da ke tuƙa su ba shi ya yi odarsu ba, kuma ransa ne a kai in birki ya ƙi ci.

Jirgin kasuwa ma yana da iyaka, kuma mutanen Ngaski sun biya tsadar sanin haka. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da aka yi wa lodin da ya wuce ƙarfinsa ya tarwatse a kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta, gidaje da dama suka shiga makoki a rana ɗaya. Mako uku da kwana ɗaya bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kashe ɗan sanda, suka kwashe ɗalibai da malamai suka nausa daji. Wasu daga cikin 'yan matan ba su ga iyayensu ba sai a 2023. Ƙaramar hukuma ɗaya, cikin ƙasa da wata guda, ta nuna irin abin hawa biyu da masu tsaron yankin nan ke bukata: wanda zai bar kwalta ya bi sawun babura cikin daji ba tare da ya tsaya ba, da wanda zai sauka ruwa ya isa tsakiyar tafki yayin da mutane ke riƙe da katako suna jiran ɗauki.

A 2019 aka yi dokar da ta kafa asusun tallafa wa 'yan sandan Najeriya, kuma gwamnatocin jihohi suna sayen motocin tsaro a kai a kai. Ina roƙon duk wanda zai sa hannu a takardar sayen ta gaba ya fara da tambayar masassaƙi: wane aiki za ta yi? Mutum nawa za ta ɗauka da kayansu, awa nawa za ta tsaya da inji a kunne, wace hanya za ta bi a watan Agusta? A rubuta amsoshin a cikin oda, a nemi ƙarin sanyaya inji da ƙafafu masu ɗaukar nauyi da wilin ƙarfe da agogon awoyi, a gwada motar a hanyoyin ƙauyukan Shanga da tsakiyar damina kafin a biya. A ware kuɗin mai da taya da gyara na shekarun da za ta yi, a tabbatar akwai bakanike a Yelwa da ya san ta kuma yana samun kayanta. A kowane rabo da za a kawo masarautar Yauri kuma a lissafa da jiragen sintiri masu inji da rigunan ceto, ɗaya a Yelwa, ɗaya a Wara, da matuƙa daga cikin 'ya'yan Gungawa da Sarkawa waɗanda suka san inda kututture yake.